Tudun Kashin Kaji na Dewey Tackett

A duk mazan da kwarinmu na tsaunukan Arkansas ya haifa, babu wanda bakinsa ya kashe barewa kamar Dewey Tackett. In ya zauna a shagon mai da kofi a gabansa, kafin kofin ya huce ya karkashe garke guda, kowace daga nisan da sai an tada mota kafin a je ɗauko ta. Naman dai ba wanda ya taɓa gani. Wanda ke cikin firizar gidansa ma, Royce ne ƙanen matarsa Nadine yake aiko musu duk kaka, don kada 'yar'uwarsa ta ji kunya.

Dewey ya daɗe yana tuƙa motar kai abincin kaji gidajen gona, har bayansa ya gaza. Shi ya faɗi haka, likita bai faɗa ba. Matattakalar ƙofar gidansa ta karye tun bara, Nadine na tsallake ta da kwandon wanki a hannu, amma ba shi da lokacinta, domin ya sa ido a kan babban abu. Harbin talotalo yake so a kawo filinsa.

Duk shekara, Asabar ɗin da ke gaban bikin godiya, wanda kowane gida ke gasa talotalo a ƙarshen kaka, 'yan kwana-kwanan kwarin, waɗanda duk manoma ne masu aikin sa kai, sukan shirya harbin don su sami abin gyaran motarsu. A manna takardu a jikin sanduna, maza su jera su harba, wanda ƙwayar dalmarsa ta fi kusa da tsakiya ya tafi gida da daskararren talotalo. Tun kafin a haifi Dewey ake yin shi a makiyayar maƙwabciyarsa, Mis Verna Pruitt, wadda filinta ya jingina da wani gangare mai jar ƙasa, duk abin da aka harba ya haɗiye. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ke riƙe da gonar, kuma tana da dokokinta: ba giya, ba zagi, ba bindigar barewa, sai ta harbin tsuntsu. Ita ce kuma mai duba takardun.

A harbin bara ta ɗaga takardar Dewey, ta duba ta a hasken rana, ta ce a gaban kowa ramin da ke tsakiyar nan na ƙusa ne, ba na dalma ba. Tun daga ranar Dewey bai sake cin abinci da daɗi ba.

Da aka zauna taron 'yan kwana-kwana a farkon kaka, sai ya miƙe ya gyara ɗamara. Ya ce harbin nan ya zama na tsofaffin mata. Ya ce a ba shi, zai ƙara gasar bindigar barewa, zai jawo mutane daga gundumomin da ke kewaye, har a sayi sabuwar mota a jefar da wannan akwalar. Shugabansu, Orval Meeks, mutum ne da bai iya cewa a'a ba, ko kare ya roƙe shi kujera sai ya tashi. Ya sosa ƙeya ya ce to a gwada bana. In hukuma ta yarda kuma aka tashi lafiya, harbin ya zauna a filin Dewey har abada. In ba haka ba, ya koma wajen Mis Verna, kuma Dewey ba zai ƙara buɗe baki a kan maganar ba.

Mis Verna na zaune a baya da saƙarta. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Dewey, filin naka ina ya fuskanta?"

Ya yi kamar bai ji ba. Kowa ya san filin. Dogo ne siriri, ya ɗan gangara, ƙarshensa wayar shinge mai ƙaya, bayan wayar kuma igiyar shanyar Mis Verna ce da lambunta da tagar ɗakin girkinta.

Washegari ya mirgino ƙaton ƙunshin busasshiyar ciyawa ya ajiye a gaban wayar, ya liƙa takarda, ya koma can sama ya ɗana bindigar barewarsa. Ya gaya wa Nadine cewa ciyawar nan ko igwa ba za ta huda ta ba. Ya harba, ya sake harbawa. Yana cikin yabon ƙarar sai ya hango Mis Verna tsaye a bakin shinge, ta ware zanin gadonta da hannu biyu, tana kallonsa da ido ɗaya ta cikin ramin da ke tsakiyar zanin.

Ta riga ta buga wa ɗan sandan gunduma waya. Lonnie Gentry sunansa, kuma ita ta koya masa karatun Lahadi a coci tun yana mai majina, saboda haka bai daɗe ba ya iso, hularsa a hannu.

Dewey ya tare shi da faɗa. Ya ce ƙasarsa ce, kakansa ne ya share ta da gatari, kuma ba a haifi wanda zai hana shi harbi a cikinta ba.

Lonnie ya ce, "Harba mana, Mista Dewey. Ƙasarka ce. Sai dai harsashin ma ya zauna a ƙasar taka. Ranar da ya sake tsallake wayar nan ya zama nawa, kai ma ka zama nawa."

Ya ƙara da cewa in ana son tara jama'a da bindigar barewa, sai an tada tudun ƙasa a bayan takardun, wanda ya fi mutum tsayi, kuma shi da kansa zai zo ya duba. Mis Verna ta naɗe zaninta, ta ce na aurenta ne, ba za ta ɗinke shi ba, za ta riƙa shanya shi haka kullum don masu wucewa su san irin maƙwabcin da Allah ya ba ta.

Dewey ya ce tudu ai aikin yini ɗaya ne. Ya aro taraktar Orval ya fara kankare fili. To, ƙasarmu duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san duwatsu take haifa, ka tsince su bana baɗi ka tarar da ƙannensu. Abin da taraktar ta tara kashi ɗaya ƙasa ne, sauran duk tsakuwa da duwatsu. Nadine ta leƙo ta ce masa wannan ba tudu ba ne, katanga ce, kuma ko yaro ya san abin da dutse ke yi da abin da aka jefa masa. Ya ce ta koma wajen tukwanenta, harkar dalma ba ta mata ba ce.

Harbin farko ya doki dutse, ya yi wani irin kuka kamar an taka kyanwa, ya dawo ta saman kansa ya shige gilashin a-kori-kurarsa. Dewey ya daɗe kwance rub da ciki a cikin ciyawa. Da ya tashi ya karkaɗe wando, sai ya ce wannan ya nuna ƙarfin bindigar, domin ba kowace ce ke harbi gaba da baya a lokaci guda ba. Nadine ta leƙo ta dubi fasasshen gilashin. Ta ɗauki makullin motarta ta kai ta harabar coci ta ajiye, ta dawo a ƙafa.

Daga nan ya koma kan tsofaffin tayoyi. Ya bi gida-gida yana roƙo, mutane na ba shi da murna, don sun daɗe suna neman wawan da zai kwashe musu. Masu hankali sukan kwantar da su su cika cikinsu da yashi, amma cika yashi aikin shebur ne, shebur kuma bayan Dewey ba ya so. Sai ya jera su a tsaye, wasu kan wasu, kamar kayan kanti. Harbi ɗaya ya yi suka watse. Suka bi gefen shinge suna tsalle, suka sauka titi a jere. Mafi yawansu rafi suka faɗa, amma wata ƙatuwa ta tarakta ta miƙe hanya har ƙofar coci, inda mata ke koyon waƙa, ta shiga tsakanin kujeru ta yi juyi ta kwanta a gaban mai kiɗan molo. Fasto ya ce shekararsa nawa yana wa'azi, bai taɓa ganin wani abu daga gidan Tackett ya zo coci ranar Laraba ba sai yau.

Kwanaki suna ta tafiya, tudu babu. Ana nan sai Dewey ya ji Royce na kwashe ɗakunan kajinsa, yana neman inda zai zuba takin. Kashin dubban kaji ne gauraye da ɓuntun shinkafa, mai laushi, ba dutse ko ɗaya, kuma kyauta. Dewey ya ce Allah ne ya aiko.

Royce ya kawo mota bayan mota, amma ya ja shi gefe ya gargaɗe shi. Ya ce rabin takin jiƙaƙƙe ne, rabi busasshe, kada ya haɗa su, kada kuma ya tara ya wuce ƙirjin mutum.

Dewey ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ƙanena, rabin rayuwata ni ke kai wa kajin nan abin da suke ci. Zan kasa sanin abin da suke fitarwa?"

Ya haɗa jiƙaƙƙen da busasshen, ya tara, ya hau da tarakta ya danne, ya ƙara tarawa, har tudun ya wuce rufin rumbunsa. Sannan ya kankaro jar ƙasa daga bakin titi ya shafe shi da ita kamar mace na yaɓe ɗaki, ya kafa tuta a kai. Daga nesa ba ka ce ba Allah ne ya halicce shi a wurin ba.

Ranar da Lonnie ya zo dubawa mura ta toshe masa hanci, idanunsa na ta zubar ruwa. Ya zagaya tudun, ya caka sanda ya ji ba dutse, ya dafa da tafin hannu ya ce ya ji da ɗumi. Dewey ya ce rana ce, jar ƙasa haka take da riƙe zafi. Lonnie ya fyace hanci ya ce tudu ya yi. Mis Verna na can bayan shinge tana tsinkar ganye a lambunta, ta ɗaga hanci sama ta shaƙa, ta dubi tudun, ta ci gaba da aikinta. Ba a tambaye ta ba, ita kuma ba ta ba da shawara kyauta.

Jajibirin harbin Orval ya kawo talotalon kyauta, daskararru kamar duwatsu, cikin kwalaye. Nadine ta ce firizarta a cike take. Dewey ya ce da wannan sanyin wa ke neman firiza, ya kwashe su ya jera a bayan tudun, a jingine da shi, inda rana ba ta kaiwa.

Asabar ta waye da sanyi mai shiga ƙashi. Raɓa ta daskare ta yi fari fat a kan ciyawa da rufin gidaje da wayar shinge, ko'ina ban da tudun Dewey. Shi kam jawur yake, tururi na tashi a kansa a hankali, kuma duk karnukan kwarin sun hau sun kwanta suna miƙa. Mutane suka fara isowa, mota bayan mota, har da baƙi daga nesa, domin Dewey ya yi ta shela a kowane shago. Matan coci suka jera tebura da tukwanen wake da nama, da burodin masara, da kek ɗin kabewa. Aka kawo motar kashe gobara aka ajiye ta a gefe, an wanke ta tana ƙyalli, don masu bayarwa su ga inda taimakonsu ke zuwa. Dewey na yawo da sabuwar hula da usur a wuya, yana nuna wa kowa inda zai tsaya.

Orval ya tambaye shi tururin mene ne. Ya ce raɓa ce ke bushewa. Wata mata ta tambayi warin mene ne. Ya ce daga wajen Royce iska ke kawowa.

Da aka je korar karnuka ne aka gano ba don ɗumi kaɗai suka zo ba. Talotalon sun narke tun cikin dare, kwalayen sun jiƙe, karnukan sun yi bikin godiyarsu tun kafin namu. Wani jan kare ya ratsa ta gaban mata da cinya a baki. Abin da ya rage ba wanda zai ba surukarsa ma. Dewey ya busa usur ya ce ba komai, duk wanda ya ci gasa ya zo gida a ba shi naman barewa da hannunsa ya harbo. Royce ya dubi Nadine, Nadine ta dubi sama.

Aka yi gasar bindigar tsuntsu, ba abin da ya faru, sai ƙura da ke ɗan tashi a fuskar tudun. Dewey ya fara kumbura. Ya je har gaban Mis Verna, wadda ta zo da kujerarta ta zauna can gefe, inda iska ke fitowa, ya tambaye ta ko ta ga yadda maza ke shirya abu. Ta ce tana gani.

Sai gasar bindigar barewa. Dewey ya ce shi zai buɗe. Ya yi dogon bayani a kan iska da nisa, ya kwanta, ya tashi, ya lashi yatsa ya ɗaga, ya sake kwanciya ya harba. Takardar ba ta motsa ba, amma can sama, kusa da tuta, yaɓen ya tsage, wani siririn hayaƙi mai ruwan ɗorawa ya fito. Ya ce da gangan ya yi, yana gwada saiti ne. Maza suka jera suka sakar wa tudun wuta gaba ɗaya. Yaɓen ya rufta daga sama har ƙasa kamar an zare wa tudun riga. Cikinsa baƙi ƙirin, tsakiyarsa jan garwashi, ya daɗe yana cin kansa a ɓoye, iska kawai yake jira. Ta kuwa zo.

Hayaƙin da ya taso ba irin wanda ake bayani ba ne. Ya kwanta a ƙasa ya nufo teburan abinci. Mata suka kifa tawul a kan kek suna tari, baƙi suka ruga motocinsu suka tarar Dewey ya jera su gaba da baya, ba mai fita sai na ƙarshe ya fita, na ƙarshen kuma ba a san ko wane ne ba. Hancin Lonnie da ya yi mako a toshe ya buɗe nan take, ya ce da ya sani da ya roƙi Allah ya bar masa murarsa.

Orval na ta ɗaga murya a kawo tarakta a baje tudun, kada kowa ya zuba ruwa, domin irin wannan wutar bajewa ake yi. Amma Dewey ya riga ya kai ga motar kashe gobara. Ya ce filinsa ne, wutarsa ce, shi zai kashe ta. Ya ja tiyo, ya murɗa har ƙarshe. Tiyon ya fara kayar da shi, ya wanke fasto, sannan Dewey ya rungume shi ya saita gindin tudun. Ruwan ya ci gindin, tudun ya yi wani nishi, ya zauna, sannan ya fara tafiya. Baƙin kunu mai tururi ya bi gangare, ya shige ƙarƙashin wayar shinge ba sallama, ya malale lambun Mis Verna, ya wuce ƙarƙashin igiyar shanya, bai tsaya ba sai a bakin ƙofar ɗakin girkinta.

Jama'a na ta tari. Dewey ya miƙe, baƙi daga hula har takalmi, ya share baki. Ya ce to, wuta dai ta mutu, kuma kowa shaida ne, yau ko harsashi ɗaya bai tsallake shinge ba.

Mis Verna ta naɗe saƙarta, ta sa takalman roba da ta zo da su a jaka, ta zagaya ta shiga lambunta. Ta sunkuya ta tona da yatsa, ta ɗago wani ɗan dunƙulen dalma, ta goge shi a gefen riga, ta miƙa wa Lonnie ta saman waya. Ta sake sunkuyawa ta ɗago wani.

Ta ce, "Lonnie ɗana, duk abin da aka harba yau ga shi a cikin kabejina."

Dewey ya ce wannan ba tsallakewa ba ce, gangarowa ce, harsashin da doka ke nufi shi ne mai tashi sama.

Lonnie ya jujjuya dalmar a tafin hannunsa ya ce, "Mista Dewey, ni dai abin da na sani shi ne kada ya tsallaka. Ba a gaya mini da wane sauri ba."

Mis Verna ta ce ba ta son a kulle shi, ba ta ga amfanin da zai yi wa kowa a kulle ba. Takin za ta riƙe, lambun na bukata. Dalmar ce ba ta so a cikin abincinta, saboda haka ya zo da rariya da bokiti ya tace mata lambun tun daga shinge har ƙofa, kuma za ta fito da kujera ta ga yadda bayan nasa zai yi. Lonnie ya ce hakan ya yi wa hukuma.

Orval na son ya sulale, amma maza suka tsare shi, suka ce a gama maganar a nan, kowa na jin warin shaidar. Ya hau bayan motar kashe gobara, hanci a cikin gwiwar hannu, ya ce duk mai son harbin talotalo ya koma makiyayar Mis Verna ya ɗaga hannu. 'Yan kwana-kwana suka ɗaga. Matan coci da ba su da ƙuri'a suka ɗaga. Fasto ya ɗaga, ruwa na ɗiga daga hannun rigarsa. Baƙin da ba su san wace ce Mis Verna ba suka zuro hannuwa ta tagogin motoci. Nadine ta ajiye tukunyar da ke hannunta don ta ɗaga duka biyun.

Dewey ya ga abin na neman wuce shi. Yana da bayani, yana da sabuwar dabara ta baɗi wadda ta fi ta bana, da buhunan yashi da wani abu da ya gani a talabijin. Ya ɗaga hannu sama yana kaɗawa don a ba shi dama ya yi magana.

Orval ya dube shi, ya dubi jama'a, ya ce, "To, har da mai filin. Ba wanda ya ƙi."

Ya diro daga motar, aka shiga neman mai a-kori-kurar da ta toshe hanya.